Ƙirar Hannu ko ta Kamfani: Wace Tsirkiya Ce Za Ta Jure Hunturunmu?

Kuntigin da marigayi Ɗan Maraya Jos ya zaga duniya da shi, in ka kwance shi ka baje a tabarma, ba za ka ga abin da ya wuce gwangwanin kifi da 'yar fatar akuya da sanda da tsirkiya guda ba. Gwangwanin daga masana'anta ya fito, injin da ya buga shi ya buga dubban irinsa a yini ɗaya. Amma babu masana'antar da ta taɓa ƙera kuntigi. Hannu ne ya jiƙa fatar, ya ja ta, ya ɗaure, ya soke sandar, ya yi ta matsa tsirkiyar har ta hau muryar mai ita. Da wannan ɗan abu Adamu Wayya, wanda aka haifa a Bukuru a 1946 ya kuma rasu a 2015, ya yi waƙar Karen Mota da sauran waƙoƙin da har gobe gidajen rediyo ke sawa.

Haura iyaka zuwa Jamhuriyar Nijar, sai ka tarar da labarin a juye. Mawaƙin Abzinawan nan da duniya ta sani da Mdou Moctar yana yaro ya ga Abdallah Oumbadougou yana kaɗa jita, abin ya shiga ransa. A gida ba a son kiɗa, kuɗin saye kuma babu. Ya samo katako da wayar birkin keke ya harhaɗa tasa. Faifansa na farko a Sakkwato ya naɗe shi a 2008. Yau in ya hau dandamali a Amurka ko Turai, Fender ce ta bahago rataye a kafaɗarsa, 'yar kamfani tsantsa. Ibrahim ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen shi ma da gwangwani da sanda da wayar keke ya fara. Ali Farka Ture na Mali kuwa da kayan tsirkiya ɗaya na ƙauyensu ya buɗe ido, sai a 1968 ya sayi jitarsa ta farko a Sofiya ta ƙasar Bulgeriya. Babu ɗayansu da aka zarga da cin amanar aikin hannu. Da suka samu wadda ta fi biyan bukata, sai suka ajiye ta katako.

A Turai da Amurka, mai son sayen jita ko gogen Turawa yana tsayawa ne tsakanin kaya iri ɗaya masu farashi biyu: ga na maƙeri guda da ya zauna ya sassaƙa, ga na kamfani da aka zubo da yawa. Mu nan lamarin ba haka ya zo mana ba. Gurmi da garaya da molo da kukuma da goge ba su da kamfani. Jita kuma da wuya ka samu mai ƙera ta da hannu a Kano ko Maraɗi ko Damagaram. Saboda haka duk wanda ya kwaso muhawarar can ya sauke ta nan yadda take, zai yi asarar kuɗinsa. Tambayar da ta dace da mu biyu ce: wane ne zai jure iskarmu, kuma in ya lalace wa zai gyara?

Abin da hannu ke yi

Sai dai kafin nan, a ba maƙeri haƙƙinsa. Muryar jita daga fuskarta take fitowa, wato ɗan siririn katakon gaba mai rami a tsakiya, wanda kaurinsa bai cika kai milimita 3 ba. Antonio de Torres, kafintan Sifen da ya rayu daga 1817 zuwa 1892 kuma ya tsara siffar jitar da ake bi har yau, ya taɓa nuna haka a aikace. A 1862 ya ƙera jita ya yi mata fuska da katako mai kyau, bayanta da gefunanta kuma da takarda da aka daka aka manna. Ta yi kiɗa, kuma tana nan ajiye a gidan tarihin kiɗa na Basalona.

To, katako ba ya zuwa iri ɗaya, ko da daga gungume guda aka yanko shi. Wani ya fi tauri, wani ya fi nauyi. Maƙeri yakan ɗauki allon ya lanƙwasa shi tsakanin yatsunsa ya ji ƙarfinsa, ya riƙe shi kusa da kunne ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ya kankare kaɗan, ya sake ƙwanƙwasawa. Mai tauri ya rage masa kauri, mai laushi ya bar masa. Haka yake yi wa 'yan sandunan da ake mannawa ta ciki su tallafe fuskar. Kamfani ba shi da wannan lokaci. Kauri ɗaya yake sa wa injinsa, kuma yakan ɗan ƙara, don kada kayan su tsage a dawo masa da su. Shi ya sa a cikin jita ɗari 'yan kamfani za ka samu 'yan kaɗan da suka yi dace suka fito da murya, mafi yawa matsakaita, wasu kuma kurame. Bambancin ɗinkin tela ne da rigar kanti: ɗaya an auna ka, ɗayar an auna kowa.

Wannan aune yana da tsada. Maƙerin da ke aiki shi kaɗai da ƙyar yake fitar da jita goma sha biyu zuwa ashirin a shekara, don haka farashin kowace ɗaya dubban daloli ne, kuma sanannu daga cikinsu sai ka bi layi na shekaru. 'Yar kamfani ta mai koyo kuwa da dala 100 zuwa 200 an gama magana.

Kada kuma a ɗauka kamfani inji ne zalla. A garin Huangqiao na lardin Jiangsu a ƙasar Sin, inda kaso mai tsoka na gogen Turawan duniya ke fitowa, mutane ne zaune a jere da wuƙaƙe da kurfi, wannan aikinsa sassaƙa kai, wancan manna ciki, waccan shafa fenti. A gundumar Zheng'an ta lardin Guizhou miliyoyin jita ake yi duk shekara a irin wannan tsari. Hannuwa ne da yawa, sai dai babu ko ɗaya da ya san jitar daga farko har ƙarshe. A ɗaya ɓangaren, maƙera da dama na yau suna yanke wuya da gefuna da inji mai aiki da kwamfuta, su bar wa hannu fuskar kawai. Iyakar da ke tsakanin biyun ba ta miƙe kamar yadda masu talla ke nunawa ba.

Suna da tambari

Babu inda ake sayar da suna kamar kasuwar gogen Turawa. Antonio Stradivari na birnin Kiremona a Italiya ya rasu a 1737, kuma kusan 650 daga kayan da ya ƙera suna nan. Ɗaya daga ciki, wanda ya yi a 1721 ake kira Lady Blunt, an sayar da shi fam miliyan 9.8 a 2011 aka ba da kuɗin ga waɗanda girgizar ƙasa da ambaliyar teku suka shafa a Japan.

A 2010 wata masaniyar kimiyyar sauti daga Faransa, Claudia Fritz, da wani maƙeri a Amurka, Joseph Curtin, suka tara makaɗa 21 a wani ɗakin otal a Indiyanafolis. Aka rage haske, aka sa musu baƙin tabarau irin na masu walda, har turare aka ɗiga wa kayan don kada hanci ya tona asirin tsohon katako. Aka ba su goge shida, uku tsofaffin Italiya uku sababbi, aka ce kowa ya zaɓi wanda zai so ya tafi da shi gida. Mutum 13 sababbi suka zaɓa. Aka yi ta suka, aka ce ɗakin otal ba wurin gwaji ba ne. A 2012 suka sake a kusa da Faris da fitattun makaɗa 10 da goge 12, har da babban zauren kiɗa. Shida suka zaɓi sababbi, kuma da aka ce su bambance tsoho da sabo, amsoshinsu ba su fi na mai canke ba.

Masu son kayan kamfani kan ɗauki wannan su ce an gama, araha ta yi nasara. Ba haka ba ne, domin sababbin nan ma ƙirar hannu ce ta ƙwararru masu rai. Abin da gwajin ya nuna shi ne kunne ba ya jin suna, ba ya jin shekaru, ido ne ke raɗa masa. Kuma 'yan kasuwa sun daɗe da sanin haka. Tun ƙarni na 19 garuruwan Markneukirchen a Jamus da Mirecourt a Faransa suka cika duniya da goge masu araha ɗauke da takardar sunan Stradivari manne a ciki. A Nuwamban 2024 jami'an kwastan na Amurka sun nuna jita sama da 3,000 na jabu masu tambarin Gibson da suka kama a tashar jiragen ruwa ta Los Anjalas. In Amurka ana iya shigar da irin wannan, kai da ke sayayya a Sabon Gari ko Alaba sai ka yi wa tambarin da ke kan jita kallon fenti har sai ta yi magana.

Hunturu ne alƙali

Yanzu ga abin da littattafan Turai ba za su gaya maka ba. Jita mai tsada, ta hannu ce ko ta babban kamfani irin Martin da ke aiki tun 1833, da tsantsar katako ake yin ta, kuma a ɗakin da aka tsare danshin iskarsa a kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Katako ko an yi masa fenti bai daina shan danshi yana fitarwa ba. A Kano ko Yamai, daga Disamba zuwa Maris, danshin iskar rana yakan faɗi ƙasa da kashi 20, sannan a watan Agusta ya haura 70. Siririn allon nan mai faɗin kusan santimita 40 zai tsuke da hunturu, ya kumbura da damina, alhali an manne shi ta kowane gefe, ga kuma tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan sa da nauyin da ya kai kilo 70.

Alamar farko a yatsu ake jin ta: bakin 'yan ƙarafan da ke jere a wuya ya fara tsini yana karce hannu, domin katakon wuyan ya tsuke ya bar su a waje. Daga nan fuskar ta lotsa, tsirkiya ta fara zuza a kan ƙarfe. Wata safiya kuma a buɗe jaka a ga tsaga siririya ta taso daga gindin tsirkiya ta gangara ƙasa. Wanda ya bar ta a cikin mota a rufe da rana a watan Afrilu, shi ba sai ya jira hunturu ba, zafi zai sassauta gam ɗin, katakon da ke riƙe tsirkiyoyin ya ɗago.

Jita mai araha kuwa galibi da falanki ake yin ta, wato siraran katako uku da aka manne, jijiyar wannan ta gicciye ta wancan. Muryarta ba ta kai ta tsantsar katako zaƙi da nisa ba, wannan gaskiya ne, kuma ba ta ƙara daɗi da tsufa. Amma ba ta cika tsagewa ba. An ce araha ba ta ado, to a nan ita ce ke kai bazara da ranta. Wanda kunnensa ya fara girma yana iya neman ta tsakiya, mai fuskar tsantsar katako da baya na falanki, ya riƙa ajiye ta a akwatinta tare da ɗan soso mai laima a cikin gidan sabulu da aka huhhuje. Wanda ya san ba zai iya wannan hidima wata huɗu a kowace shekara ba, ya bar wa mutanen bakin teku.

Jitar lantarki ta fi kowace dacewa da ƙasar nan, kuma ba banza ba ne ta zama sarauniyar bukukuwan Agadas. Gangar jikinta gungumen katako ne, babu ramin da zai tsage. Leo Fender, wanda ya fito da Stratocaster a 1954, mai gyaran rediyo ne, bai ma iya kaɗa jita ba, kuma da idon mai gyara ya tsara ta. Wuyanta da kusoshi huɗu aka ɗaure, in ya karye a kwance a sa wani. Wayoyinta duk mai gyaran rediyo da ke da ƙarfen dalma zai iya bi. Babban abokin gabarta ƙura ce da ke shiga maɓallan ƙara sauti su riƙa ƙarƙara. Ƙungiyar Etran de L'Aïr ta Agadas, da aka kafa a 1995, da jita ɗaya mara lantarki ta fara, ana buga ƙwarya da silifa a madadin ganga. Kayan kamfani masu sauƙin kuɗi ne suka ba irinsu damar cika filin biki da sauti. Maƙerin Sifen, duk iyawarsa, ba shi da abin da zai sayar musu.

A cikin shago

Aibin jita mai araha ba a muryarta yake ba, a saitinta yake. Kamfani yakan bar tsirkiya can sama da wuya don kada ta yi zuza a shago, yaro ya saya ya yi mako biyu yana dannawa, yatsu su yi kanta su fashe, ya jingine ta a bayan ƙofa ya ce ba shi da baiwa. Baiwarsa lafiya lau, jitar ce ba a gyara ba.

Don haka kada ka karɓi wadda ke cikin kwali a rufe, ko da mai shago ya rantse irin ta kan bango ce. Ka ɗaga ta ka sa ido daga kai ka hango tsawon wuyan, ka ga ko ya murɗe. Ka ƙirga 'yan ƙarafan wuya zuwa na 12, ka zura tsinken ashana tsakaninsa da tsirkiya mafi kauri. In ya shige da ɗan sarari kaɗan, daidai ne. In biyu za su shige a haɗe, akwai aiki. Ka kaɗa tsirkiya a sake, sannan ka danne ta a wannan ƙarfe na 12 ka sake kaɗawa. Murya ɗaya ya kamata ka ji, ta biyun ta fi siranta kawai, in ta kauce jitar ba za ta taɓa zama daidai ba komai murɗa kunnuwanta. Ka gwada zura takarda ƙarƙashin katakon da tsirkiyoyin suka kafu a kai, in ta shiga ya fara ɗagowa. Ka tambaya ko akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake murɗawa a miƙar da shi. Kuma jitar da aka yi don tsirkiyar roba kada a kuskura a sa mata ta ƙarfe don neman ƙara, ba a gina ta don wannan ja ba.

In ba ka iya kiɗa ba tukuna, ka tafi da wanda ya iya. Mawaƙan coci da 'yan badujala da masu kiɗan otal sun san inda masu gyara suke, kuma ɗan abin da za ka ba mai gyara ya goge maka mazaunin tsirkiya ya sauke ta ya fi duk wani ƙari da za ka biya don tambari. Ta wannan hanya 'yar kamfani ma sai ta bi ta hannun mutum kafin ta zama abin kiɗa. Ta gwanjo da ta riga ta yi hunturu biyu ko uku a garinku ba ta tsage ba, sau da yawa ta fi sabuwa aminci.

Namu na gida

Gurmi kuwa, ka je wurin mai haɗa shi ka zauna, kallon kansa karatu ne. Zai juya ƙoƙuna yana ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya, yana neman wanda ya bushe sarai, mai kauri, wanda ƙwaro bai taɓa ba. Zai huda shi ya zura sanda. Fatar damo ko ta guza da ya jiƙa zai shimfiɗa a bakin ƙoƙon tana da laima, ya ja nan ya kafe, ya ja can ya kafe, yana zagayawa don kada gefe ɗaya ya fi ɗaya, sannan ya ajiye ta bushe a hankali. Bayan nan ya fasa ɗan rami a fatar, ya ɗora jaki, wato mazaunin tsirkiya, ya ɗaura tsirkiya a jikin sanda da 'yan zobban fata waɗanda ake turawa sama ko ƙasa a saita murya. In goge ne ko kukuma, izgar doki ce tsirkiyar, ita ce kuma a jikin bakan, sai a goga mata ƙaro don ta kama.

Ka lura da abu ɗaya: lokacin da jitar Turai ke kuka, lokacin ne waɗannan ke walwala. Da hunturu fata takan ɗaure, murya ta fito tas. Da damina ne take saki, maganinta kuma a shanya ta a rana ko a kara ta kusa da wuta na ɗan lokaci. In ta fashe a sake wata, in ƙoƙo ya karye gona na nan. Babu abin da sai an aiko da shi daga Legas. Kuma su ma ba su ƙi kayan kamfani ba inda ya yi amfani, zaren roba irin na masunta ya daɗe da maye gurbin tsirkiyar da a jikin gurmi da garaya da yawa, ga kuma 'yar na'urar ɗaukar sauti da ake mannawa a haɗa da lasifika.

Suna da nasu aibin, kuma ɓoye shi ba kishi ba ne. Babu biyu da suke daidai, don haka sai ka gwada da kanka, ka rera a kai ka ji ko ya hau muryarka, ba a aike. Zobban fata suna zamewa a tsakiyar wasa. Haɗa su da fiyano ko jita a sutudiyo aiki ne, domin su da muryar mawaƙi ake saita su, ba da ma'aunin da kayan Turai suka yarda da shi ba. Mai fita waje da su kuma ya sani cewa duk dangin guza da damo suna cikin jerin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji, jami'in filin jirgi yana da hurumin tambayar takarda. Sannan akwai na tsaraba, waɗanda ake yi don baƙi su rataye a bango: an sha musu ado da zane da wuri, fata a sake, jaki a manne da gam. Su ma ƙirar hannu ne, amma ba su kaɗuwa. Ka tambayi makaɗi inda yake samun nasa, kada ka tambayi mai sayar da tsaraba.

Wasu sun magance irin waɗannan matsaloli ba tare da sun jira kamfani ba. A gidan ibadar Keur Moussa da ke kusa da Dakar, tun farkon shekarun 1970 aka buɗe wurin ƙera kora, molon Mandinkawa mai tsirkiya 21. Suka bar ƙwarya da fatar saniya yadda suke, suka sauya zobban fata da kunnuwan murɗawa, daga baya har irin na jita, suka daidaita awo. Yau korarsu tana ƙasashe da dama. A Mali, Bassekou Kouyaté ya ƙara wa ngoni, ɗan'uwan molonmu, yawan tsirkiya, ya rataya shi a kafaɗa, ya haɗa shi da lantarki, ya kafa ƙungiya sukutum a kansa. Babu dalilin da zai hana a yi wa gurmi da kukuma haka, sai rashin mai sa kuɗi da rashin mai ganin girman sana'ar.

Domin a gaskiya abin da ya kori kayan tsirkiyarmu daga fage ba jita ba ce. Fiyano ce. Tun shekarun 1990 da waƙoƙin fina-finan Hausa suka koma kan fiyanon Yamaha, mutum ɗaya a ɗaki ya maye gurbin mai kukuma da 'yan ƙwaryarsa da 'yan amshinsa. Ga tsohon tabon da ke jikin sana'ar, na danganta goge da garaya da bori da gidajen magajiya, har ake yi wa goge kirari da kan bidi'a. Ga kuma wuraren wasa da suka ragu a jihohi da dama bayan shekarar 2000. Kukumar Garba Supa da Hassan Wayam da Ahmadu Doka, da gurmin Haruna Uji, duk suna nan a faifai. Amma mutum nawa ne za su iya faɗin sunan wanda ya haɗa wa ɗayansu abin kiɗansa? Sassan Hausa na jami'o'inmu sun cika kantoci da nazarin baitocin waɗannan mutane, wanda ya ja fatar kuwa da wuya ka ga shafi biyu a kansa.

Irin wannan sakaci yana da ƙarshe, kuma an gan shi a bakin tafkin Cadi. Biram, abin kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale, ya kai matsayin da tsoho guda, Boukar Tar, ya rage a matsayin gwaninsa. Malam Maman Barka, malamin makaranta kuma shahararren mai gurmi a Nijar, ya samu tallafin UNESCO a 2002 ya je ya zauna wurinsa ya koya, ya kuma kai biram dandamalin Turai. Malam Barka ya rasu a 2018. Cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya da ke Yamai tana adana kayan kiɗan gargajiya, abin a yaba ne, amma kayan da ke cikin gilashi ba ya koya wa kowa yadda ake jan fata.

In jita kake so kuma yanzu za ka fara, sayi 'yar kamfani matsakaiciya, ka gwada ta a shago, ka kai wa mai gyara, ka manta da ta hannu har sai kunnenka da aljihunka da ɗakin ajiyarka sun kai. In kuwa gurmi ne ko kukuma ko garaya, nemi tsohon da ke haɗawa a garinku, ka gaishe shi da Baba, ka biya abin da ya yanka ba tare da ka ja shi ciniki kamar mai sayen tumatir ba. Ka roƙe shi ya bar ka ka zauna har ya gama, ka ɗauki aikin a wayarka in ya yarda, ka rubuta sunansa da na wanda ya koya masa.